Zangunan Baba: Daga Aljirif Zuwa Sawakin

 Tun da muka dawo Aljirif, da wuya mako ya wuce ba mu tarar da wani a ƙofar gida bayan sallar magariba yana jiranmu da tambaya iri ɗaya ba: "Malam, iyalina suna Kasala, ina so in je in ɗauko su. Ina da ina za mu kwana?" Wani nasa suna Gadarif, wani kuma Bur Sudan. Ba don mun fi kowa sanin hanya ake tambayarmu ba, domin direbobin manyan motoci sun fi mu nesa ba kusa ba. Labari ne ya bazu a unguwa wai muna da wani littafi. To littafin dai ba wani abu ba ne illa na rubutun 'yan makaranta, mai shuɗin bango, wanda gumi da ƙura suka riga suka cinye gefensa. Ga yadda aka yi muka same shi.

A watan Mayu na shekarar 2018, ana saura kamar kwana goma a kama azumi, Allah ya nufi mahaifinmu da mahaifiyarmu da gwaggonmu da tafiya Umara. Kuɗin jirgin sama ya fi ƙarfin aljihu, saboda haka aka yanki tikitin jirgin ruwa, wanda ke tashi daga Sawakin ya kwana a teku ya wayi gari a Jidda. Makarantu suna hutun bazara, sai rakiya ta faɗo kanmu, mu da ƙanenmu. Ba mu so mu sa tsofaffin a manyan bas-bas na Mina Barri ba, domin kuwa Baba yana da ciwon suga, allurar insulin yake yi safe da yamma, ita kuwa bas ba ta tsayawa don mutum ɗaya. Sai muka yi shatar Hayis ɗin wani maƙwabcinmu, shi ne kuma direba.

Duk wanda ya shiga kwalejin horon malamai ya san cutar da ake ɗaukowa a can. Ba ka shiga aji sai da shirin darasi a rubuce, minti biyar na gabatarwa, minti ashirin na bayani, minti goma na tambayoyi. Ga shi kuma labarin ƙasa muke koyarwa. Muka kwana biyu muna fama da taswira da rula. Hanyoyi biyu ne ke kai mutum Sawakin daga Hartum. Ta arewa, wadda ta bi ta Shandi da Atbara ta ratsa hamada zuwa Haya, ba ta kai kilomita 800 ba. Ta gabas kuwa, tsohuwar hanya, wadda ta bi ta Madani da Gadarif da Kasala kafin ta haura Haya, ta haura kilomita 1,100. Ga mai lissafi babu abin shawara. Muka rubuta: tashi ƙarfe biyar, karin kumallo a Shandi, kwana a Atbara, washegari azahar a Haya, la'asar a Sawakin. Muka ja layi da jan biro, muka kai wa Baba yana zaune a kan gadon igiya, wato angarib, a gindin darbejiyar tsakar gida.

Ya sa muka karanta masa sau biyu. Sa'an nan ya ce, "Malam," don haka yake kiranmu idan zai yi mana ba'a, "a Atbara wa ka sani?"

Muka ce, "Ba kowa, Baba, amma akwai lokanda."

"Uwarka da gwaggonka za ka kai lokanda? To a Shandi fa, idan mota ta lalace, ƙofar wa za ka ƙwanƙwasa?"

Muka yi shiru. Ya miƙo mana takardar, ya ce, "Ka shirya wa mota tafiyarta. Saura tamu. Je ka ɗauko littafi."

Kafin mu faɗi abin da aka rubuta a littafin, ya kamata mai karatu ya san inda Baba ya samo wannan ra'ayi. Mahaifinsa, kakanmu, ya bar wani ƙauye a ƙasar Kano zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da ƙafa, shi da matarsa da jaki ɗaya, da niyyar Makka. Hanyar da ya biyo ita ce ta takari da dubbai suka biyo: Yarwa, Dikwa, Kusiri, Fot Lami wadda ake kira Njamena tun 1973, Ati, Abeshe, Adare, Jinaina, Fashir, Nuhud, har Al'ubayyid, inda jirgin ƙasa ya riga ya iso tun kafin yaƙin duniya na farko. Shekara tara ya yi kafin ya ga Ka'aba. A cikin shekarun nan tara, tafiyar kanta ba ta fi ta 'yan watanni ba, sauran duk zama ne: nan a yi noma damina ɗaya, can a yi ɗinkin hula ko koyar da allo, a Jazira a yi tsintar auduga, har guzuri ya taru a ƙara gaba. Baba yakan ce mahaifinsu bai taɓa faɗin nisan wuri da mil ba. Sai dai ya ce daga rijiyar kaza zuwa gidan wane wuni biyu ne, kuma tsakanin Fashir da Nuhud, inda rijiyoyi suka yi ƙaranci, kukoki ne da aka rarake cikinsu ake tara ruwan damina a ciki, da kankana, su ne abin shan matafiyi.

Wannan ba sabon abu ba ne ga Bahaushe. Fataken goro da ke zuwa Gwanja suna da madugu, suna da jagaba mai wucewa gaba ya duba masauki da ruwa, kuma a kowane zango akwai maigida da aka sani wanda ke sauke su. Zangunan da suka daɗe su ne suka zama unguwanni, kamar na Kumasi da Akara. Mu ma nan haka abin yake. Bayan da Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar. Idan ka duba garuruwan da Hausawa ke zaune a Sudan, daga Jinaina har bakin teku, za ka gan su jere kamar carbi a kan hanyar Makka. Kowannensu zango ne da aka sauka da niyyar kwana biyu.

To wannan carbin Baba ya shiga ja mana, muna rubutawa. A Madani, ɗan ƙanen mahaifiyarsa, gidansa bayan kasuwa, yana da zaure, yana da firji. A Fawo, wani tsohon abokin karatun allo, gidan ƙarami ne, a sha ruwa a yi salla amma kada a kwana, don kada a sa shi kunya. A Gadarif gida biyu ne, kuma ya faɗi wanda za a fara sauka da dalili, saboda idan aka fara da ɗayan za a yi fushi. A Shuwak wani mai facin taya. A Kasala, surukin gwaggonmu mai lambu. Ya sa muka rubuta Mai Wurno da sunan wani dattijo da unguwarsa. Muka ce, "Baba, ai Mai Wurno ba ta kan hanyarmu." Ya ce, "Rubuta dai." Muka rubuta a ƙasan shafi, muka sa mata baka biyu irin na abin da ba a cikin darasi yake ba.

Daga Kasala zuwa Sawakin kuwa, kusan kilomita 500, bai faɗi sunan kowa ba. Ya ce, "Nan ba mu da mutum. Nan ne takardarka za ta yi aiki. A tashi da asuba, a isa da rana."

Ranar farko Madani kawai muka je, tafiyar da ba ta kai kilomita 200 ba. Mun ga kamar ɓarnar wuni ne, amma direba ya goyi bayan Baba. Ya ce zangon farko gajere ake yin sa, don a nan ne ake gane abin da aka manta da abin da ke ƙara a mota, tun ana kusa da gida. Ai kuwa a Hasahisa muka gane an baro katin allurar rigakafin Gwaggo a kan taga, aka bugo waya, wani yaro ya biyo bas da shi ya same mu kafin isha. Shekarar nan kuma, waɗanda suka yi tafiya za su tuna, ana tsananin ƙarancin mai, motoci suna kwana a layi. Maigidanmu na Madani tun da aka gaya masa muna tafe ya sa ɗansa ya kama mana layi a gidan mai. Babu lokandar da za ta yi maka wannan.

Washegari muka haye gadar Hantub muka miƙi gabas. Muka sha ruwa a Fawo a gindin dutse, kamar yadda aka umarta, ba mu kwana ba. Daga nan sai baƙar ƙasar Gadarif, shimfiɗe iyakar ganin ido, ta tsattsage da fari tana jiran ruwa, ƙasar dawa da riɗi. Wanda bai san ta ba zai raina ta. Da damina, taku goma daga bakin kwalta ya isa mota ta nutse har gindi, ta kwana uku a nan.

A Gadarif ne muka lura da cewa sauka a gidan mutum ma yana da nasa ilmi, wanda ba a koya mana a kwaleji ba. Tun daga Aljirif Inna ta ƙulla ƙunshi-ƙunshi: sukari, ganyen shayi, ɗanyen gahawa, dabino, sabulu, kowane gida da nasa, gwargwadon yawan mutanen gidan. Baba kuma ba ya yarda a isa gidan mutum bayan magariba, domin a lokacin an riga an raba tuwo, sai matar gida ta sake hura wuta. Yakan sa a faɗa tun da wuri mu nawa ne, mata nawa, kuma akwai mai ciwon da ba ya cin kaza da kaza. Da la'asar sakaliya muka shiga. Aka ɗauke Inna da Gwaggo zuwa cikin gida, mu aka jera mana angarib a fili, aka sa allurar Baba a firji, aka cika mana kular ƙanƙara da asuba. Da daddare aka kawo agashe daga bakin kasuwa, tsofaffi suka yi ta lissafin wanda ya mutu da wanda ya aurar har muka yi barci muka bar su.

Tsakanin Gadarif da Kasala shingaye sun yi yawa, domin a farkon shekarar an rufe iyaka da Eritriya, jihar Kasala kuma tana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci. A wani shinge bayan mun wuce Hashmul Girba, wani saurayi mai kaki ya ji tsofaffi suna Hausa, sai ya tsare mu kusan awa guda yana juya takardar Baba, yana tambayarsa inda aka haife shi, mutumin da aka yanke wa cibiya a Jazira tun kafin a haifi uban yaron. Ba mu ce komai ba. Amma mun rubuta a littafi cewa duk lissafin awoyi da bai bar wa shinge rabonsa ba, lissafin banza ne.

Kasala kuwa sai wanda ya gani. Duwatsun Taka sun tsaya a kan gari kamar an dasa su, kogin Gash a bushe, yara suna ƙwallo a cikinsa, ga lambunan mangwaro da ayaba da lemo a gefe. Kwana biyu muka shirya yi don tsofaffi su huta kafin dogon zango, kuma kwana biyun muka yi. Aka kai su Totil suka sha ruwan rijiyar, suka sha jabana mai citta.

A nan ne fa tsarin Baba ya nuna nasa aibin, kuma gaskiya ɗaya ce, sai mun faɗa ko da ya riga mu gidan gaskiya. Gidan da ya sauke ka yana da haƙƙi a kan lokacinka. Mun ce za mu tashi da asuba. Maigida ya rantse ba za mu fita ba sai an karya, ashe ya yanka ɗan akuya tun dare. Muka raɗa wa Baba cewa rana tana yi. Ya ce, "Ka taɓa ganin an bar naman da aka yanka dominka?" Aka ci, aka sha shayi, aka yi addu'a, mata suka yi sallama irin tasu wadda ba ta ƙarewa, man da aka yi mana alkawari kuma bai samu ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Ba mu bar Kasala ba sai ƙarfe goma sha ɗaya da rabi, alhali jirgi washegari da yamma zai tashi, kuma an ce fasinja su hallara tun da safe.

Wanda bai bi hanyar Kasala zuwa Haya a watan Mayu ba, ba zai gane ba. Da zarar ka wuce mahaɗar Aroma, itatuwa suna janyewa, sai tsakuwa da duwatsu da raƙuma jefi-jefi, sai wata iska mai zafi kamar daga bakin tanda. Muka haɗa azahar da la'asar a Durdeb, muka ci wake a wata rumfa. Direba ya so mu kwana a nan, ya ce injin yana zafi. Mu ne muka ƙi, da takardarmu a hannu, muka ce Haya ba ta da nisa, ai lissafi ya nuna za mu isa kafin duhu. Wannan kuskuren namu ne, ba na Baba ba. Ba mu yi tafiyar awa ɗaya ba fanbel ya tsinke. Babu wani a mota. Tayar safaya biyu muka ɗauko, da jarkar mai, da jarkar ruwa huɗu, amma ɗan bel ɗin da bai fi kuɗin kwanon wake biyar ba, babu wanda ya tuna da shi. Waya babu layi. Ƙanƙarar kula ta zama ruwan ɗumi tun azahar. Rana tana faɗuwa, ga tsoho mai suga, ga mata biyu, ga jirgi da ba ya jiran kowa.

Wata babbar mota mai tafiya Bur Sudan ta ja mu da igiya zuwa wata rumfar shayi da ke gaba kaɗan, irin waɗanda direbobi ke kira gahawa: rumfar tabarma, benci biyu, randuna uku, angarib kamar shida a waje. Mai wurin Bahadandawe ne, Larabcinsa kaɗan, namu kuma bai san da Hausa ba. Baba ya sauko da sandarsa, ya yi masa sallama, ya zauna, ya tambayi lafiyar raƙuma da labarin ruwa, kamar wanda ba shi da wata damuwa a duniya. Sai da aka sha jabana zagaye biyu sa'an nan ya ce yana da mata a mota. Mutumin ya tashi ba tare da ya ce uffan ba, ya kira wata yarinya, aka tafi da Inna da Gwaggo bukkar iyalinsa a bayan tudu. Allurar kuwa, ya karɓa ya naɗe ta a tsumma mai laima ya sa a ƙarƙashin randa, inda ruwa ke ɗiga, wurin da ya fi ko'ina sanyi a wannan fili. Ƙanenmu ya bi babbar motar zuwa Haya neman bel.

Ba mu runtsa ba a daren nan. Muna kwance muna kallon taurari, muna jin numfashin Baba, muna ƙirga abin da zai faru idan sugansa ya faɗi a wurin da asibiti mafi kusa yake da nisan da ba mu da motar zuwa. Can cikin dare ya ce, "Malam, ba ka yi barci ba? Ɗauko littafinka ka rubuta mutumin nan. Yanzu muna da mutum a nan."

Ƙanenmu ya dawo da bel kafin asuba a bayan wata motar siminti. Mai rumfa ya karɓi kuɗin shayi da wake, ya ƙi karɓar na kwana. Inna ta ba matarsa ƙunshin da ya rage. Muka wuce Haya da sassafe, muka haura Sinkat inda iska ta ɗan yi sanyi, muka gangara Aƙaba a hankali da giya ta biyu, duwatsu suna buɗewa har muka hango teku. Ƙarfe goma muka shiga tashar jirgin ruwa ta Usman Digna. Tsofaffi ba su ko sami ganin kufan tsohon garin Sawakin ba, da gidajensa na murjani da suka rushe, inda kakanmu ya taɓa jiran jirgi wata biyu. Sai da suka dawo muka kai su.

A kan hanyar komowa muka zauna da direba muka gyara littafin. Gefen kowane suna muka ƙara abin da takarda ta iya: nisan da ke tsakani, inda ake samun mai da inda ba a samu, inda layin waya ke ɗaukewa, inda akwai asibiti, inda akwai masid ko halwa da ke sauke baƙo a ba shi tuwo ba a tambaye shi ko shi wane ne ba. Direba ya sa muka rubuta nasa sharuɗɗan: tanki ya kai rabi a nemi mai, kada a jira ya yi ƙasa, tsakanin sha biyu da uku na rana a bazara a nemi inuwa, don taya da tsoho duk ba sa son wannan lokaci, kuma kowane dogon zango a sa masa ƙaramin zango a tsakiya, wanda idan la'asar ta same ka ba ka wuce shi ba, to nan ne makwancinka, ko kana so ko ba ka so. Da mun bi wannan, da a Durdeb muka kwana, kusa da masu gyara. Mu kuma muka ƙara namu: ranar dogon zango, a yi sallama da maigida tun dare, a roƙe shi don Allah kada ya yanka komai.

Baba ya rasu a 2021. Littafin ya shiga akwati tare da takardun makaranta, muka manta da shi.

Sai ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, 24 ga Ramadan, muka tashi da ƙarar da kowa a garin nan ya sani, ba sai mun bayyana ba. Muka yi salla a cikin ɗaki. Kwana uku bayan salla, da ruwa ya ƙare, wuta ta ɗauke, wayoyi suka mutu, muka yanke shawarar fita, mu goma sha ɗaya da Inna. Lambobin da muka dogara da su duk suna cikin wayar da ba ta kunnuwa. Maiɗakinmu ce ta tuna da shuɗin littafi, ta zaro shi ta sa a cikin zanen goyo. Tafiyar Madani da muka yi a awa uku a 2018, wannan karon wuni guda ta ci. Abin da ba za mu manta ba shi ne mutanen ƙauyukan Jazira, waɗanda da ma al'adarsu ce su tare motoci da azumi su tilasta wa matafiya shan ruwa, sun fito bakin titi da bokitan zoɓo da ruwan sanyi suna miƙa wa duk wanda ya wuce.

Gidan da muka kwana ɗaya a 2018, wata takwas muka yi a cikinsa, mu da wasu iyalai biyu. A tsakiyar Disamba 2023 yaƙi ya iso Madani, kuma ta gabas ya shigo, ta wajen gadar Hantub, wato hanyar Gadarif da muka sani ta toshe. Kowa ya yi kudu, wajen Sinnar, mu ma muka bi, har da masu masaukinmu. Sinnar ta cika, makarantu da masallatai babu wurin shimfiɗa tabarma. A bakin titi, da hasken ashana, muka buɗe littafi, sai ga Mai Wurno a ƙasan shafi cikin baka biyu.

Bayan isha muka isa, lokacin da Baba ya hana. Muka yi ta tambayar unguwa har aka nuna mana gida. Wani magidanci ya fito da tocila, muka faɗi sunan dattijon, ya ce mahaifinsa ne, ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Kunya ta kama mu, domin ba mu zo ta'aziyya ba, ba mu ma ji ba, su ma ba su ji rasuwar Baba ba. Ya haska fuskokinmu ya ce, "Ku 'ya'yan wa ne?" Muka faɗi sunan Baba da na kakanmu. Bai san su ba. Ya ce mu dakata, ya shiga ciki. Muna tsaye, yara suna kuka, sai muka ji muryar wata tsohuwa daga cikin gida tana cewa, "Jikokin mai jaki ne! Buɗe musu, buɗe musu!" Kwana goma sha biyu muka yi a gidan, kafin muka sami motar da ta bi da mu ta Dindir zuwa Gadarif, daga baya kuma Kasala, gidan mai lambu, wanda a wannan karon ba shi da akuyar yankawa, ba mu kuma da inda muke sauri.

Soja sun karɓe Madani a Janairun 2025, Hartum kuma a watan Maris. Mu kaɗai muka fara dawowa muka duba gida, daga baya muka koma muka ɗauko iyali. Hanyar yamma da kakanmu ya biyo kuwa, bayan abin da ya sami Jinaina a 2023 da Fashir a Oktoban 2025, ba mu da abin cewa sai addu'a ga 'yan'uwan da ke can.

Masu zuwa ƙofarmu da tambaya, abin da muke gaya musu bai wuce wannan ba. Muna ba su nisa da wuraren mai da na ruwa kamar yadda muka gani a tafiyarmu ta ƙarshe, muna kuma gargaɗinsu su sake tambayar direbobin manyan motoci a safiyar da za su tashi, domin labarin hanya na jiya ba ya aiki yau. Kada a yi tafiyar dare. Kada a bar yara su yi nisa da kwalta a wuraren da aka yi faɗa, ko su ɗauki wani ƙarfe da ba su sani ba. Wanda zai sauka a gidan mutum ya tafi da dawarsa da mansa da gawayinsa, don gidajen nan sun ciyar da jama'a shekara biyu, rumbunansu sun ga ƙasa. Sunayen da ke littafinmu kuwa ba ma bayarwa, domin ba za su yi wa wani amfani ba. Sai mu ce masa ya je wurin tsohuwar da ta rage a gidansu, da biro da takarda, tun tana nan.

Daga cikin sunayen da Baba ya faɗa, huɗu sun rasu, mun rubuta na 'ya'yansu a gefe, da lambobin waya, da biro. Rumfar Bahadandawen nan mun neme ta a hanya ba mu gan ta ba, sai randa ɗaya fasasshiya. Shekaranjiya kuma aka bugo daga Mai Wurno, magidancin nan mai tocila ne, ya ce zai kawo tsohuwa asibitin ido a Umdurman, su huɗu ne, mata biyu, za su iso kafin la'asar ranar Alhamis. Ɗakuna biyu na gidanmu har yanzu babu ƙyaure, firji kuma yana cikin abin da aka kwashe. Mun dai aro angarib uku a maƙwabta, maiɗakinmu kuma ta aiki yaro ya sayo sabuwar randa.